Katangar da Na Gina wa Shinkafa

Kun zo kuna ce mini noman shinkafa ba shi da wuya, wai mutum ya watsa iri a fadama ya koma gida, ruwa ya ƙarasa masa aikin. Ɗayanku har cewa ya yi shinkafa ciyawa ce mai son wanka. To, ku gyara zama. Ni ma da irin wannan tunanin na shiga fadama, kuma na fi ku uzuri, don ban taɓa riƙe ƙotar fartanya ba sai da na haifi 'ya'ya biyu.

Gidanmu a Jugu gidan fatake ne. Kakana da jakuna ya riƙa saukowa da kanwa, ya koma arewa da goro. Mahaifina ya gaji hanyar, ni kuma na tashi ina yayyafa wa goro ruwa ina canza masa ganye. Bayan samun 'yancin kai, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahome, iyakoki suka yi tsauri, manyan motoci suka kwashe lodin goro suna wuce mu ko tsayawa ba sa yi. Zauren da a da baƙi ba sa yankewa ya koma makwancin awaki. Mahaifina ya rasu ya bar mini tsohuwa, da mata, da yara, da tarin igiyoyin ɗaure huhu babu goron ɗaurewa.

Wanda ya ba ni gona shi ne Baba Sabi, wani dattijo ɗan ƙabilar Yom da ke zaune a wani ƙauye a gangaren Seru. Abokin cinikin mahaifina ne, duk ranar kasuwa sai ya biyo ta zaurenmu ya sha ruwa. Dendanci, yaren garinmu, muke yi da shi, in ya ga dama ya juya zuwa Hausarsa ta kasuwa. Fadamar ta zuriyarsu ce, ba a sayar da ita, aro ake bayarwa shekara-shekara. Kafin ruwan farko duk masu gonaki kan taru a gindin wata ɗorawa, kowa ya ajiye damin shinkafar bara da 'yan goro a gaban dattijon, shi kuma ya ce, "Je ka noma." Ran da bai ce maka haka ba, sai ka saɓi garmarka ka kama hanya. Ku riƙe wannan da kyau, domin tuwon gidana gaba ɗaya a kan waɗannan kalmomi uku yake rataye.

Aikin farko da ya ba ni gyaran kunyar gona ne. Na zo da farar taguwa da takalmin fata kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗan fatake, tuɓe," in ji shi. "Laka ba ta san kayan Juma'a ba."

Sunana ke nan a bakinsa har ya bar duniya.

Fadamar doguwa ce, ta gangaro tsakanin tuddai biyu, rafi na bin gefenta, gonaki kuma a jere daga sama zuwa ƙasa. Tawa ce ta biyun ƙarshe. Ta ƙarshen, wadda ta fi kowace baƙar ƙasa, tasa ce shi kansa. Kowace gona an kewaye ta da kunya wadda ba ta wuce ƙwauri ba, kuma kowace kunya tana da ƙofa biyu, ta sama inda ruwa ke shigowa da ta ƙasa inda yake fita. Faɗin ƙofa ƙotar garma biyu ne. Ba a like ta da yumɓu. Curin laka mai saiwar ciyawa ake yankowa a jera, yadda zai tare ruwa daidai idon sawu, amma in aka haure shi da ƙafa ya tafi. Na tambaye shi me ya hana a yi abu mai ƙarfi sau ɗaya a huta. Ya ce in ci gaba da yanka, zan gani da idona.

Kwana uku tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Matsattsaku kuma suka gane sabon jini ya shigo gari. Na farkon da ya kama ni, ihun da na yi sai da ya tayar da balbelu, matan da ke aiki a gonar sama suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Su suka koya mini ba a fizge shi, garin taba ake barbaɗa masa ya saki da kansa.

Cirar ciyawa ita ce ta fi ba ni kunya. Akwai wata ciyawa da ke fitowa tare da shinkafa, tsayinsu ɗaya, launinsu ɗaya, in ka tsaya daga bakin kunya ko ka rantse ba za ka raba su ba. Na duƙa tun safe ina cira da zuciya ɗaya, sai da rana ta take Baba Sabi ya zo ya ɗaga tarin da na yi, ya ce sannu da aiki, rabinsa shinkafa ce. Ya kama yatsana ya ɗora a wuyan ganye, wurin da ganyen ya rabu da kara. Ta shinkafa tana da ɗan gashi a nan, ita kuwa ciyawar wuyanta sumul. Tun daga ranar da yatsa nake cira ba da ido ba. Ku da kuke cewa ciyawa ce mai son wanka, zan so in ga yadda za ku ƙare da 'yar uwarta.

In ta fitar da kai kuma sai a shiga yaƙi da tsuntsayen jan-baki. Igiya ake ja daga wannan kusurwa zuwa waccan a rataya gwangwanaye, mutum ya tsaya a kan dakali da majajjawa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yana ja yana ihu har murya ta dushe. Sannan lauje, sannan bugu a kan tabarma, sannan sheƙa. Irin da muke shukawa jar shinkafa ce mai dogon kara, ba ta da kyan gani a akushi, amma ta san ruwa.

Ambaliyar farko da na gani da hantsi ta zo, rana tar a sama. Ruwan can kan tuddai aka yi shi, mu ko ɗigo ba mu gani ba. Rafin ya fara yin ja, ya ɗauko kumfa da karare, sai na ji mutumin gonar farko ya ƙwala wani dogon kira, na biye da shi ya karɓa, haka har ya iso kaina. Kowa ya ruga ya haure ƙofarsa, ta ƙasa tukuna sannan ta sama. Na ga mutane da ƙafarsu suna shigo da ruwa cikin amfaninsu, na ce a raina waɗannan ba su da hankali. Ruwan ya bazu ya cika fadamar daga tudu zuwa tudu, da ya sami fili sai gudunsa ya mutu, ya kwanta a kan shinkafa kwana biyu. A rana ta uku ya janye. Shinkafar da ta kwanta ta miƙe, ƙarƙashinta kuma wata lallausar laka da ruwan ya bari, wadda ita ce takinmu, ba mu da wani.

Kada ku ɗauka buɗewar kyauta ce. Duk wanda ruwa ya sami tasa tana cikin fure ya yi asara, don furen da ya kwana a ruwa ba ya yin ido. Amma kowa buɗewa yake, ko tasa na fure ko ba ta yi, saboda in mutum ɗaya ya ƙi, ruwan da ya kamata ya kwanta a gonarsa sai ya matsu, ya ƙara gudu, ya faɗa kan na ƙasa da shi. An faɗa mini wannan, na gani, na kuma yarda. Kada wani ya ce muku rashin sani ne ya kai ni ga abin da na yi daga baya.

Sayarwa kuwa ba wanda ya koya mini, a nan ni ne malami. Ban tsaya kasuwar Jugu ba, sai na riƙa loda buhunana a kamiyo, wato babbar mota, ina kai su Paraku, inda jirgin ƙasa ke ƙarewa kuma kuɗi ke yawo. Babbar mai sayena wata mata ce, Iya Rabi, da ke turara shinkafa a manyan tukwane bayan tashar jirgi tana sayar wa masu abinci. Ba ta yarda da bakin buhu ba, hannu take zurawa har gwiwar hannu ta ɗebo daga tsakiya, ta shinshina, ta ciza.

"Malam Isiyaku, wannan ta sha raɓa."

"Iya, raɓar hanya ce."

"Raɓar hanya ba ta shiga tsakiyar buhu. Rage dala biyu mu yi magana."

Shekara uku muna haka. A ta ukun ta ja ni gefe ta nuna mini wata farar shinkafa a faifai, irin wadda ake saukewa daga jirgi daga Kwatano. Ta ce ma'aikatan biro, wato ofis, da matansu yanzu ita suke nema, sun ce ja abincin ƙauye ce. Ta ce in zan iya noma irinta, ko nawa na kawo ta saya.

Daidai lokacin gwamnati ta turo mana malamin gona, wani saurayi mai keke da jakar takardu. Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci, kamar yadda ake ce wa duk mai wando da alƙalami a zamanin. Yaron kirki ne, ba ya ƙyamar laka. Shi ya kawo irin farar shinkafa mai gajeren kara, mai saurin nuna, da buhun takin zamani. Ya kuma ce tunda tana tashi da wuri, ana iya bin bayanta da alkama a lokacin sanyi. Manoman Seru suka saurare shi da ladabi suka koma ga jarsu. Ni kuwa kalmar alkama ta tsaya mini a kunne, don na san matan unguwarmu a Jugu. Ba a biki babu alkaki, ba a azumi babu taliya da finkaso, kuma duk ƙwayar alkamar da ke garin daga arewa ake kawo ta da tsadar gaske.

Noman alkama wani aiki ne daban. Sai an daidaita ƙasa ta kwanta kamar tabarma, a yanka ta fangali-fangali, a ja 'yan hanyoyin ruwa tsakaninsu, a kafa jigo a bakin rafi a yi ta ɗaga guga. In fangali ya karkace da yatsa biyu, gefe ɗaya ya ruɓe ɗayan ya bushe. Ga shi sanyin ƙasarmu gajere ne, ba kamar na arewa ba. In ka makara da shuka ko da mako biyu ne, zafi zai riske ta tana ɗaukar ido, ƙwayar ta motse ta koma kamar hakin tsintsiya. Shekarar farko abin da na samu bai cika buhu biyu ba, amma ko kasuwa ban kai ba. A zaure matan suka wawashe ta kafin azahar, har biyu suka yi cacar baki a kan mudun ƙarshe. Ranar jinin fataucin da ya kwanta a jikina ya farka.

Damina ta dawo, ambaliya ta zo yadda ta saba, na buɗe ƙofofina yadda aka koya mini. Farar shinkafar da ba ta da tsayin leƙowa saman ruwa ta nutse, rabi bai tashi ba. Fangalin da na yi wata guda ina daidaitawa ruwa ya shafe su kamar ba a taɓa yi ba. Kafin in sake gyarawa lokaci ya ƙure, zafi ya cinye alkamar. Na zauna na yi tunani irin na gidanmu. A gidanmu in kana da kaya mai daraja ɗaki kake gina masa ka sa kuba. Ban taɓa jin inda aka ce a buɗe wa ɓarawo ƙofa biyu don kada ya shiga gidan maƙwabci ba.

Mushe ya zana mini yadda za a ɗaga kunya, da ƙofar katako mai faɗi da ake zarewa in ruwa ya yi yawa. Na karɓi tsayin na watsar da ƙofar. Kuma sai da na bari aka yi taron gindin ɗorawa, Baba Sabi ya ce mini "Je ka noma," sannan na fara, don na san in ya furta ba ya tsoma baki a gonar mutum sai wata shekara. Wannan wayon ni na yi shi, ba Mushe ba. Na ɗauko maginin da ya gina mana soro a Jugu, shi da leburorinsa. Suka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, suka jera marmara a gindi, suka tayar mini da katanga har ƙirji kewaye da gonar. Mutane suka riƙa zuwa kallo. Baffana, ƙanen mahaifina, ya hau keke takanas ya zo, ya shafa ginin ya ce, "Yauwa. Yanzu ka yi gona irin ta mutane. Dukiya ba a barinta a buɗe."

Baba Sabi ya zo daga baya, shi kaɗai. Ya zagaya katangar yana ƙwanƙwasa ta da sandarsa.

"Ɗan fatake, ina ƙofa?"

Na nuna masa wani bututu da na binne a gindi, wanda zan riƙa shigo da ruwa daidai buƙata. Ya zura sandar ciki ya zaro.

"Wannan ta ɓera ce."

"Baba, gona ɗaya ce tak. Sauran fadamar ai ta ishi ruwa."

Ya dubi gonarsa da ke ƙarƙashin tawa, ya dube ni. "Ni ne a ƙasa da kai," in ji shi. Bai ƙara ba, don ba mutum ne mai maimaita magana ba.

Ƙananan ambaliya biyu suka zo suka wuce ta gefe, katanga ko gezau. Farar shinkafata ta yi kore shar, kai ɗaya kamar an aske ta. Mushe ya zo ya tsaya yana ta "Voilà! Très bien!" sannan ya tambaye ni ina ƙofar katakon da ya zana. Na ce tana wurin kafinta.

Ta ukun ta zo wajen ƙarshen damina, bayan an kwana uku ana ruwa. Bayan azahar kira ya gangaro, kowa ya haure ƙofarsa, ni kuwa na hau kan katangata na tsaya kamar mai gadin kanti. Ruwan ya cika gonakin sama a hankali yadda ya saba, da ya iso kaina ya tarar da hanya ta tsuke, sai ya kwararo ta tsakanin katangar da tudu yana ruri. Na ga yana yankar gaɓar tudun, wadda rairayi ce zalla, yana haɗiye ta guntu-guntu. Abin da ni da maginin ba mu yi tunani ba shi ne ginin gida da ruwan sama yake kokawa, ba a ce ya tsaya da ƙafarsa cikin rafi ba. Gindin ya jiƙe, kusurwar sama ta zame, ruwa ya faɗa gonata lokaci guda. Ba shi da mafita, sai ya taru ya cika ta kamar kwano. Na dira na gudu kan tudu. Ina juyowa na ga katangar ƙasa ta kwanta gaba ɗayanta, ita da duwatsunta da rairayin da duk abin da ruwan ya tara, a kan gonar Baba Sabi.

Da ruwa ya janye, mutanen sama ba su yi wata asarar kirki ba, jarsu ta miƙe. Tawa gonar ruwa ya kwashe fuskarta har tsakuwa ta fito. Tasa kuwa, wadda shinkafarta ta riga ta yi ciki, fiye da rabi rairayi ya binne, wani wuri idon sawu wani wuri har gwiwa. Matansa suka tsaya a bakin kunya suna kuka. Shi ya duƙa ya ɗebi rairayin a tafin hannu, ya murza, ya zubar.

"Ka gani da idonka?"

Na ce na gani.

Baffana ya ce a gyara abin yadda aka saba gyarawa a gidanmu. Aka haɗa huhun goro, da turmin atamfa, da ɗan akuya, muka kai. Baba Sabi ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Ya zaɓi goro ɗaya ya ɓare, ya ba ni rabi.

"Ku mayar da sauran. Akuya ba ta kwashe rairayi."

Na ce zan kwashe. Sannan na yi ƙarfin hali na tambayi abin da ke cina. "Baba, baɗi fa?"

"Baɗi ba ta zo ba," in ji shi.

Kwasar rairayi da garma da kwando ake yi, babu wata dabara. A shimfiɗa tsohuwar tabarma a cikin kwandon don kada ya tsiyaye, a kankare a hankali ana duban launi, da zarar baƙi ya leƙo a tsaya, don in ka ƙara ka fara kwasar gonar ce. Sannan a ɗauka a kai bayan tudu, can inda ruwan baɗi ba zai dawo da shi ba. Duwatsun katangata ɗaya-ɗaya na tone su, kuma na gane kowanne, tunda ni na biya aka kawo su. Na fara da ƙarshen kaka, sanyi ya zo ya same ni, ya wuce ya bar ni. Shekarar ba alkama, ba Paraku. Iya Rabi ta aiko a gaishe ni ta kama wani mai kawo mata. Matata Hajara ta kafa kaskon ƙosai da tukunyar koko a bakin kasuwa, da shi muka ci. A Jugu kuwa har suna aka sa mini, jakin Seru, ɗan masu jakuna ya koma ɗaukar kaya da kansa. Gammo ya cinye gashin tsakar kaina bai dawo ba, wannan sanƙon da kuke yi wa dariya a ɓoye can na samo shi.

Duk tsawon lokacin ban san ko gonar da zan ci nake yi wa wahala ko sallama nake yi ba. Ina ganin awakin gidan Baba Sabi suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, ana kai su kasuwa a sayo dawa, bai taɓa ce mini komai a kai ba. Wannan shirun ya fi kwandon nauyi. Sai da zafi ya kankama, saura kusurwa ɗaya, ya bar 'ya'yansa suka zo da kwandunansu muka ƙarasa.

Ranar taron gindin ɗorawa kowa ya zo da daminsa, ni na zo da goro kawai, don ba ni da ko zangarniya. Baffana ya rako ni. Dattijon ya bi mutane ɗaya-ɗaya daga na sama, yana sallamar kowa da kalmominsa uku, har ya zo kaina.

"Ɗan fatake, gonar da kake ciki na karɓa."

Tsoro da kunya suka rufe ni lokaci guda, na fara tunanin abin da zan ce wa tsohuwata. Baffana har ya miƙe yana kaɗe riga.

"Ni zan hau can in gyara ramin da ka haƙa," ya ci gaba. "Ta ƙasa, wadda ka kwashe, kai za ka shiga, ka fi ni saninta yanzu. Daga yau kowa yana samanka. Je ka noma."

A hanyar gida baffana sai murna yake, wai tsohon ya ruɗe, ya ba mu mafi kyawun ƙasa a fadamar. Ni ma haka na ɗauka. Na koma ga jar shinkafa, alkama kuma na mayar da ita wani ɗan lambu a kan gaɓa inda ambaliya ba ta kaiwa, ina samun abin alkakin unguwa in sanyi ya yi kirki.

Shekara biyu bayan haka babban ruwa ya sake zuwa. Ina cikin gona na ga rafi ya yi ja, na ji kiran ya taso daga can sama. A ranar na gane inda aka ajiye ni. Duk abin da na noma, duk abin da gidana zai ci, ba a hannuna yake ba, yana ƙafar mutanen da ke samana, in ɗayansu ya yi irin tunanin da na taɓa yi na gama. Na tsaya ina ƙirga muryoyin suna saukowa. Sai idona ya faɗa kan gonar Baba Sabi, tsohuwar gonata, wadda sai a shekarar ta fara dawowa hayyacinta. Shinkafarsa tana tsakiyar fure, fari fat. 'Ya'yansa suna can gonar doya, shi kaɗai ne, ga gwiwa ta riga ta ci shi.

Ya dogara sandarsa ya shiga. Ya haure ƙofar ƙasa, ya ɗingisa ya bi kunya har ta sama. Curin ya ƙi tafiya da ƙafa, sai ya yar da sandar ya duƙa cikin ruwa har ƙugu yana ciro shi da hannu. Ina kallo jan ruwa ya shiga ya kwanta a kan furen, na san rabin abincinsa na shekara ke nan yake tafiya. Ruwan ya ratsa gonarsa ya gangaro tawa a shimfiɗe, ba ruri ba gudu, ya zo ya taɓa mini idon sawu. Na tsaya ina dubansa.

Ya ɗago yana haki, ya hango ni.

"Ɗan fatake! Kallo ka zo yi? Buɗe taka!"

Na wurgar da hula na ruga ƙofar ƙasa.